Baƙin mai yana raguwa, ba ɗigo a ƙasa ba hayaƙi a salansa: ina yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Camry ta 2008 mai silinda huɗu, irin wadda ake ce wa Muscle. An yi mini juye, bayan kamar mako biyar sai na ga fitilar mai tana ƙiftawa idan na sha kwana. Da na zaro geji sai na tarar ɗan bakinsa kawai mai ya taɓa. Inda nake ajiye motar babu ɗigo ko ɗaya, hayaƙi ma ba na gani. Wani bakanike ya ce ringi ne, a sauke inji. Wani kuma ya ce in koma zuba mai mai kauri, 20W-50, magana ta ƙare. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A yanzu dai kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Mai yiwuwa ne na farkon ya yi gaskiya, don injin motarka ya yi suna wajen wannan ciwo, zan kuma zo kansa. Amma shi ma hasashe ya yi, bai auna komai ba, kuma ba a sauke inji a kan hasashe.

Bari in fara da fitilar, domin ita ta fi tayar mini da hankali a duk bayaninka. Jar fitilar nan mai hoton buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turin mai take sa wa ido. A ƙarƙashin inji akwai kasko inda mai yake taruwa, famfo yana zuƙo shi ta wani bututu mai rariya a baki, ya tura shi zuwa metal ɗin karanshaf da kamshaf da sauran wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Idan mai ya yi ƙasa sosai, da ka sha kwana ko ka taka birki da ƙarfi sai ɗan abin da ya rage ya kwarara gefe guda, bakin bututun ya fito fili, famfo ya zuƙi iska. Ƙiftawar da ka gani ke nan. A duk daƙiƙar da fitilar ta kama, metal yana juyawa kusan a bushe. Kuma suwic ɗin da ke kunna ta ba ya motsi sai turin mai ya faɗi ƙasa ƙwarai, ƙasa da rabin bar (ma'aunin ƙarfin turi) a yawancin motoci, alhali inji mai lafiya yana gudu a kan bar biyu zuwa huɗu a hanya. Wanda yake jiran fitila ta gaya masa lokacin ƙara mai ya makara. Don haka kafin ka sake tayar da motar, ka cika mai zuwa alamar sama. Idan ka cika kuma fitilar ta ci gaba da kamawa, musamman inji yana da zafi yana tsaye, ka kashe ta, a zo a kwance suwic ɗin a ɗaura agogon auna turin mai a gurbinsa. Ko suwic ne ya lalace, wanda shi ne mai sauƙi, ko rariya ta toshe da dagwalon mai, ko famfo ya gaji, ko metal ya ci. Kada ka yarda wani ya cire wayar suwic ɗin wai don fitilar ta daina damunka. Ana yin haka a wasu garejin, kuma ƙarshensa inji ne yake bugawa.

To, yanzu ga tambayar da ba ka amsa ba, kuma su ma kanikawan ba su yi maka ita ba: lita nawa ta sha, a kilomita nawa? Mako biyar ba ma'auni ba ne. Mai zuwa ofis ya dawo gida da mai jigila tsakanin Kano da Abuja duk mako biyar suke yi, amma injinansu ba aiki ɗaya suka yi ba. Akwai ma abin da ya kamata ka tabbatar tun farko, wato ko an cika man daidai ranar juye. Injinka yana ɗaukar wajen lita 4.3 idan an canza filta, galan ɗin da aka fi sayarwa kuwa lita 4 ne. Yaron gareji ya juye galan ɗaya, ya rufe bonet, ka tafi da giɓi tun ranar farko. Idan ma ya duba geji kafin a tayar da inji, sabuwar filta ba ta sha nata kason ba tukuna, gejin zai nuna ya cika, daga baya ya sauka.

Ga yadda za ka auna. Ka samu wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangare ba, kuma ka riƙa komawa wannan wurin duk lokacin dubawa. Ka bar inji ya yi zafi, ka kashe, ka jira minti biyar zuwa goma mai ya gama gangarowa kasko. Ka zaro geji ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa, sannan ka karanta, ka duba fuskokinsa biyu ka ɗauki wadda ta fi ƙasa. Ka cika zuwa alamar sama cif, kada ka wuce ta, domin man da ya yi yawa karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta riƙe metal. Ka rubuta lambar da ke kan mita a takarda. Bayan kowane kilomita 500 ka sake dubawa, abin da ka ƙara ka auna shi da kwalbar lita ɗaya mai layi a jiki, ka rubuta. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin ƙananan motoci kusan lita ɗaya ce, wasu ta ɗan ɗara. Ka kuma lura, yawancin Camry irin taka daga Amurka aka shigo da su, mitarsu mil take ƙirgawa. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Na sha ganin mai mota ya zo a firgice wai motarsa tana shan lita a kilomita dubu biyu, ashe mil dubu biyu ne, wato kilomita 3,200.

Akwai wani abu da ke rikita wannan awo ga masu zirga-zirgar cikin gari. Motar da kullum gajeriyar tafiya take yi, inji bai gama zafi ba an kashe, fetur da raɓa suna taruwa a cikin mai. Inji yana cin mai, su kuma suna cike gurbin, geji ya yi ta nuna ya cika. Ranar da ka hau babban titi ka yi awa uku kana gudu, zafi ya ƙone su, ka isa ka duba ka ga mai ya faɗi lokaci guda. Ba a wannan tafiyar ya ƙare ba, a ranar ne dai gaskiya ta fito. Shi ya sa nake so awonka ya kai aƙalla kilomita 1,500, ya haɗa da doguwar tafiya. Ka riƙa shinshina gejin ma. Idan warin fetur ya yi ƙarfi kuma man ya tsinke, akwai matsalar nozul ko fulogi da za a duba daban.

Nawa ne ya yi yawa? Kowane inji yana cin ɗan mai, haka aka ƙera shi, don dole a bar siririn mai a jikin silinda kuma wani ɓangare nasa yana ƙonewa. Littattafan motoci da yawa, har da na Toyota na wancan zamani, sun sa iyaka a lita ɗaya cikin kilomita 1,000. Ni a ganina wannan iyakar kare kai ce ta kamfani, ba alamar lafiya ba. Inji mai lafiya yakan kai daga juye zuwa juye bai sauka daga alamar sama zuwa ta ƙasa ba. Lita ɗaya a kilomita 4,000 ko 5,000 a tsohuwar mota ba abin tashin hankali ba ne. Lita ɗaya a 2,000 akwai magana. Lita ɗaya a 1,000 ko ƙasa da haka, inji yana neman aiki.

Mai kuwa hanya uku kawai yake da ita ta barin inji: ya zuba waje, ya shiga ruwan lagireto, ko ya ƙone ya fita ta salansa.

Ta tsakiyar ita ce mafi sauƙin kawarwa. Da safe, inji a sanyaye, buɗe murfin lagireto da robar ajiyar ruwa. Idan ka ga mai yana yawo a saman ruwa, ko ruwan ya yi kauri ya koma kalar shayi da madara, gasket ɗin tof ne ko na'urar sanyaya mai a motocin da ke da ita. Ka duba gejin ma ko ya yi wannan kalar. Ɗan farin abu a ƙarƙashin murfin mai kaɗai, lokacin hunturu, a motar da ba ta doguwar tafiya, yawanci raɓa ce. Idan ruwanka garau yake kuma ba ya raguwa, ka wuce wannan.

Zuba waje kuma, rashin ɗigo a inda kake fakin bai wanke motar ba tukuna. Wasu yoyon ba sa fitowa sai inji yana aiki mai yana cikin turi, ka ga a kan titi yake zuba, kana kashewa ya tsaya. Suwic ɗin mai da kansa yana yin haka idan robarsa ta tsage, haka sil ɗin gaban karanshaf, da robar bakin filta, musamman idan tsohuwar robar ta maƙale aka ɗaura sabuwar filta a kanta. Wani kuma murfin roba na ƙarƙashin mota ne yake tare shi, ƙura ta shanye. Wani daga gasket ɗin murfin sama yake tsiyaya a kan ƙarfen salansa mai zafi ya ƙone nan take, sai dai ka ji ƙauri idan ka tsaya a danja. A ɗaga motar ko a hau da ita rami, a cire murfin ƙasa, a wanke inji tas, ka yi yawo kwana biyu, a sake hawa da tocila. A fara dubawa daga sama, don mai ƙasa yake gangarowa kuma iska tana kora shi baya, inda ka ga ya taru ba lallai nan ne tushen ba. A duba mahaɗar inji da giya, idan mai yana fitowa ta nan sil ɗin baya ne, kuma sai an sauke giya. A duba kusar juye da woshinta, wadda ya kamata a riƙa canzawa amma da wuya a canza.

Sai dai kada ɗan damshi ya ruɗe ka. Lita ɗaya kusan ɗigo dubu ashirin ce. Ɗan laimar da ƙura ta manne a jikin murfin sama ba za ta cinye lita a wata ɗaya ba. Yoyon da zai yi wannan ɓarna zai jiƙe ƙarƙashin motar har zuwa baya, ba ya ɓuya. Ana yawan canza gasket a karɓi kuɗi, mai mota ya koma gida da murna, bayan wata guda ya dawo da ƙorafinsa na farko.

Idan ƙasan motar a bushe yake kuma ruwa lafiya, to ƙonewa yake yi, ko ka ga hayaƙi ko ba ka gani ba. Lissafi kaɗan zai nuna maka dalili. Ɗauki motar da ke cin lita a kilomita 1,500. A gudun kilomita 100 cikin awa, awa 15 ke nan. Inji mai silinda huɗu da ke juyawa sau 2,500 a minti yana tashin wuta sau 5,000 a minti ɗaya, a awa 15 ya yi sau miliyan huɗu da rabi. Raba ɗigo dubu ashirin a kan wannan, za ka ga ɗigo ɗaya ne a kowace tashin wuta fiye da ɗari biyu. Ina ido zai ga wannan? Ga kuma katalis ɗin cikin salansa, wanda kanikawa ke ce wa indomi, yana ƙarasa ƙone ɗan hayaƙin kafin ya fito. Kuma kai da kake gaba kana tuƙi ba kai ne za ka gani ba. Ka sa wani ya bi ka a baya da mota ko babur, ya sa ido a bakin salansa.

Lokacin da hayaƙin yake fitowa shi ne yake faɗar inda ciwon yake. Muna neman mai shuɗi-shuɗi ko ruwan toka mai ƙaurin mai. Baƙi fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya watsewa ruwa ne. Ɗan tururin safiyar sanyi da ke ɓacewa nan da nan ba komai ba ne. Idan shuɗin ya fito da safe a tashin farko na ɗan lokaci sannan ya ɗauke, sil ɗin bawul ne: robobi ne ƙanana a wuyan kowane bawul, idan zafi da shekaru suka busar da su, mai yakan tsiyaya cikin silinda da daddare. Haka idan ka daɗe tsaye a cunkoso sannan ka taka totur ya yi buɗus, ko ka sauko dogon gangare ƙafarka ba ta kan totur sannan ka taka ya fito. A waɗannan lokuta zuƙar cikin inji ta fi ƙarfi, tana jan mai ta wuyan bawul. Amma idan hayaƙin yana fitowa ne sa'ad da ka matsa wa mota, a hawan tudu ko wajen wuce tirela, yana kuma ƙaruwa da ƙaruwar wuta, hankali ya koma kan ringi. Bambancin yana da muhimmanci ga aljihunka, domin sil ɗin bawul aikin sama ne, ƙwararre ma yana iya canza su ba tare da ya ɗaga tof ba, ringi kuwa sai an fito da fistin.

Kafin duk wannan akwai wani ɗan abu da nake so a fara dubawa, don ya fi komai araha kuma an fi mantawa da shi: bawul ɗin PCV, wanda inji ke numfashi ta cikinsa. Kowane inji yana da ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen fistin ya faɗa cikin kasko. Wannan bawul, da ke jikin murfin sama da tiyo a bakinsa, shi ke mayar da hayaƙin cikin inji a sake ƙonawa. Idan ya maƙale a buɗe, sai ya riƙa zuƙar tururin mai yana kai wa silinda. Idan ya toshe, iska ta taru a ciki ta tura mai ta kowane sil da gasket. A kwance shi a girgiza, mai lafiya yana ƙara kamar akwai tsakuwa a ciki. A leƙa cikin tiyon da bakin totur, idan mai ya yi kwance a wurin ka samu mai laifi ko abokin laifi. A motar da ta kai shekarun taka ni canza shi kawai nake yi, sannan a sake awo. Ba kullum yake warware matsalar ba, amma abin kunya ne a sauke inji a bar shi a toshe.

Daga nan sai fulogi. A fito da duka huɗun a jera su yadda suke a inji. Man da ke jikin farar tangaran ta sama ko cikin ramin fulogi daga robar murfin sama yake, bai shafi ƙonewa ba. Bakin da ke cikin silinda shi za a karanta. Baƙi mai maiƙo, ko wani busasshen toka mai kauri da ya daskare a kan ƙarfen, shaidar cin mai ce. Idan ɗaya ne kawai ya yi haka, ciwon na silinda ɗaya ne. Idan duka ne, ko PCV ne ko ringin gaba ɗaya. Sannan inji yana aiki da zafinsa, a buɗe murfin zuba mai. Ɗan huci ba laifi, amma idan yana busa hayaƙi fuf-fuf kamar bakin salansa, wuta tana wuce fistin da yawa.

Sai gwajin kwamfureshan, wato ƙarfin matsar iska a cikin silinda. A cire fulogi duka, a buɗe totur, a ɗaura agogo a kowace silinda a ba da sitata. Abin da ake nema kada su bambanta da juna fiye da kashi goma cikin ɗari. Wadda ta yi ƙasa a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake gwadawa: idan lambar ta tashi sosai ringi ne, idan ba ta motsa ba bawul ne ko gasket. Amma a nan ne mutane da yawa suke ɓata, har da kanikawa. Fistin ringi uku gare shi. Biyun sama su ke riƙe kwamfureshan, na ukun shi ke kankare mai daga jikin silinda ya mayar da shi kasko. Na ukun zai iya maƙalewa gaba ɗaya alhali na saman lafiyarsu ƙalau. Agogo zai nuna lamba mai kyau, mota tana da ƙarfi, tana tashi bugu ɗaya, tana kuma shan mai. Man da ya yi yawa a jikin silinda ma yana ƙara toshe kafa ya sa lambar ta yi kyau. Don haka kwamfureshan mai kyau bai wanke ringin mai ba. Idan garejin yana da 'yar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi, a leƙa: kan fistin da gefensa ya wanke fes tsakiya kuma ta yi baƙi alama ce mai yana hawowa ta gefe, za a kuma ga ko jikin silinda ya karce.

Wannan ya kawo mu kan injinka. Sunansa 2AZ-FE, mai lita 2.4, kuma na shekarun 2007 zuwa 2009 a Camry, da RAV4 ta 2006 zuwa 2008, an san su da wannan. A bayan ringin mai akwai 'yan ƙananan ramuka a jikin fistin da mai ke bi ya koma ƙasa. Zafi yana dafa mai a wurin ya zama gawayi, ramukan su toshe, ringin ya manne a cikin kwarinsa ya daina buɗewa. Toyota da kanta ta amince da matsalar a Amurka, ta fitar da sanarwar gyara ga dilolinta a 2011, daga baya ta tsawaita garanti zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ma'aunin da ta sa shi ne a cika mai, a rufe, a yi mil 1,200, wato wajen kilomita 1,900, idan ya ci fiye da kwat ɗaya, kusan lita ke nan, a canza fistin da ringi. Wannan garanti ya daɗe da ƙarewa kuma bai taɓa biyo motocin Kwatano ba, amma ka lura da abu biyu a ciki. Kamfanin da ya ƙera injin ma sai da ya auna kafin ya buɗe. Kuma fistin ya canza, ba ringi kaɗai ba.

Mu a nan muna ƙara wa ciwon gishiri da hannunmu. Ana jan juye har mai ya zama kwalta. Ana sayen man aunawa na bakin titi, ko jabu a cikin galan mai kyan gani. Ana cire tamostat wai ƙasarmu da zafi, inji ya riƙa aiki a sanyaye, mai ya yi dagwalo. Ana busa filtar iska da kwamfuresa har ta yage, ƙurar hunturu ta shige ta riƙa cin ringi da silinda kamar sanfefa. Injin da ya taɓa tafasa kuma, ringinsa yakan saki, robobin bawul su ƙandare.

Batun 20W-50. Gaskiya ne idan ka zuba shi shan zai ɗan ragu, don mai kauri ba ya saurin wucewa ta kafa. Amma bai buɗe ramin da ya toshe ba, bai saki ringin da ya manne ba. Injinka an ƙera shi ne a kan 5W-20 ko 0W-20, duba murfin zuba mai za ka gani a rubuce. Yana da VVT-i, na'urar da ke juya kamshaf da turin mai ta ƙananan hanyoyi masu 'yar rariya, ga sarƙar taimin da abin ɗaure ta shi ma da mai yake aiki. Mai kauri yana jinkirin isa waɗannan wurare a tashin safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. 20W-50 na su Peugeot 504 ne da tsofaffin motocin da aka ƙera da faɗin kafa. Ban ce dole ka tsaya a kan 5W-20 ba. Inji ya tsufa, ga zafin Afrilu, idan ka hau zuwa 5W-30, ko ma 10W-40 in shan ya yi yawa, ba zan yi maka faɗa ba. Ka sayi na gaske a wurin dila ko gidan mai da ka yarda da shi, mai alamar API SN ko SP, ka riƙa juye a kilomita 5,000 tare da filta. Ƙarin man da kake yi tsakani ba ya maye gurbin juye, dattin yana nan a ciki. Ruwan zumar nan mai kauri da ake sayarwa a gwangwani wai maganin hayaƙi, kaurara mai kawai yake yi. Maganin wanke cikin inji kuma ina tsoronsa a injin da ya riga ya tara dagwalo, yakan ɓamɓaro datti ya kai bakin rariya ya toshe, a tashi daga shan mai a koma bugun inji. Akwai masu zuba maganin narkar da gawayi ta ramin fulogi ya kwana a kan fistin, a juye mai bayan haka. Wani lokaci yana sakin ringin shan ya ragu, wani lokaci ba ya yin komai. A matsayin gwaji kafin babban aiki ba laifi, muddin an fitar da ruwan daga silinda kafin a mayar da fulogi.

Idan awo ya nuna lita a kilomita 2,000 ko sama, mota ba ta hayaƙi, fulogi ba ya mutuwa, shawarata ka zauna da ita haka. Ka ajiye lita ɗaya a but, ka duba geji duk ranar da ka sha fetur. Ka lissafa kuɗin man da za ka ƙara a shekara ka gwada da kuɗin sauke inji, za ka ga ratar. Injinan nan suna daɗewa a haka, ba shan man ne yake kashe su ba, barin su su ƙafe ne. Abin da za ka yi asara a hankali shi ne katalis da sensar salansa, domin tokar mai tana lulluɓe su, wata rana fitilar cek ta kama da lambar P0420.

Amma idan ya kai lita a kilomita 1,000, ko fulogi ya fara jiƙewa mota tana tsallen wuta, to aiki ya zo. Tunda fitilarka ta riga ta ƙifta, a juye na gaba a tari man a kwano mai tsabta a duba shi a rana, a kuma yanka tsohuwar filta a buɗe takardarta. Ƙyalli kamar garin ƙarfe yana nufin metal ya taɓu, wannan zai shiga lissafin aikin. Za a ba ka zaɓi biyu, gyaran naka ko sayen injin Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Ka tuna injin da za ka saya ɗan gidan su naka ne, shekarunsu ɗaya, kuma ba a gane mai shan mai da ido a ƙasan shago. Idan za ka saya, a cire murfin sama ka ga cikinsa, a duba fulogi, kuma sharaɗin mayarwa ya ba ka kwanakin da za ka yi tafiyar da za ta isa awo.

Idan gyaran za a yi, ka tsaya a kan waɗannan. A auna silinda da ma'auni a wurin masu injin gyaran bulok, ba da farce ba. Bulok ɗin alminiyom ne mai siririyar rigar ƙarfe a ciki, ba ya ɗaukar sassaƙa mai yawa, idan ya karce sosai canza shi ya fi. A sa sabon fistin irin wanda aka gyara, in kuwa tsohon za a mayar, a kankare kwarin ringi a buɗe kowane rami har haske ya wuce. A canza sil ɗin bawul tunda tof yana ƙasa, a wanke rariya da kasko, a duba metal, a sa sabon PCV, a mayar da tamostat. Kusoshin tof a ɗaure su da sifana mai auna ƙarfi bisa tsarin littafi, don zaren cikin alminiyom ba ya jure ɗaurin ganin dama. Bayan an haɗa, sabon ringi yakan ɗan ci mai kafin ya zauna, saboda haka kada ka yanke hukunci a kilomita dubun farko. Ka yi juye da wuri, ka cika zuwa alamar sama, ka rubuta mita, ka sake awon nan daga farko. Ka kuma gaya wa bakaniken tun kafin ya taɓa sifana cewa cikon kuɗin aikinsa sai bayan wannan awo.